Aikin Awon Ruwa da Na Ba Haruna

Sa'adatu, Bello, Amna, wannan babin ne na fi jinkirin rubutawa. Lokacin da abin ya faru kuna Masar wajen baffanku, labarin kuwa sai da ya bi ta bakuna da yawa kafin ya iso kunnuwanku. Na san an gaya muku cewa uwarku ta zauna gaban masu bindiga ta lissafa musu sunayen ɗalibanta don ta tsira da ranta. Bello ya taɓa son tambayata a waya, ya yi ta kewaye-kewaye, ni ma na yi kamar ban gane ba. To ga yadda aka yi. Ina da laifi a cikin lamarin, sai dai ba wanda ake faɗa ba ne, kuma gara ku ji shi daga bakina.

Kun san ban ruwa nake koyarwa a kwalejin noma a Madani, yadda ruwa ke barin kogi ya shiga tura'a, wato babbar magudanar da ke raba shi gonaki, har ya isa gindin auduga. Shekarar annobar da ta rufe makarantu, ni aka ɗora wa aikin kafa manassa, shafin karatu na jami'a a intanet. Kowane ɗalibi da lambarsa da kalmar sirrinsa. Darussa a jere suke mako-mako. In ɗalibi ya miƙa aiki ni kaɗai ke gani, in na ga dama in rufe ƙofa, in na ga dama in buɗe. Na so abin nan kamar ɗakin da na gina da hannuna. Abokin aikina Ustaz Bashir, mai koyar da cututtukan shuka, shi ya ƙi ta. Ya tara ɗalibansa a gurub, irin zauren hirar nan na waya da kowa ke aika hotunan biki da gaisuwar Juma'a, a nan yake karantar da su. Wata rana a taron malamai muka yi sa-in-sa.

"Ya Ustaza, manassar nan taki nauyi gare ta," in ji shi. "Yaron da ke ƙauye kafin ta buɗe, katinsa ya ƙare."

Na ce, "Karatun jami'a ba tallan tumatir ba ne, Ustaz, da za a baje shi a bakin hanya."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Na koma ofis ina jin na yi nasara.

Da yaƙi ya iso Madani, Yaya Sanusi ne ya zo ya ɗauke ni a motarsa ta haya, wadda yake jigila da ita tsakanin Mai Wurno da Sennar. Jaka ɗaya na fita da ita. Muka sauka gidan Inna a Mai Wurno, ɗakin da aka haife ni. Bayan 'yan makonni Ustaz Bashir ya aiko mini da hoton da maigadin kwaleji ya ɗauka. Ɗakin da na'urar manassa take ne. An ɓalle ƙofar, wayoyi na reto daga bango, har na'urar sanyaya ɗaki an cire an bar rami. Na zauna bakin gado ina kallon hoton har shayina ya huce. Ni da na kafa ta, ni da na san akwati ne a cikin ɗaki, wallahi zuciyata ta daɗe da ɗaukarta abin da ke sama, wanda hannu ba ya kaiwa. Darussan da na yi shekaru ina tsarawa, makin ɗalibai, taswirorin magudanai, duk wani ya saɓa su a kafaɗa ya fita.

Ana nan sai ga Haruna. Ɗalibina ne ɗan shekarar ƙarshe, daga wani ƙauye kusa da Suki, magidanci da mace ɗaya da jaririya. Mahaifinsa Malam Tanko manomi ne a gonakin ban ruwa na can, kuma Haruna ne na farko a gidansu da ya taka jami'a. Ya zo da buhun albasa a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya juyo gare ni.

"Ustaza, darasinki kaɗai ya rage mana. Jami'a ta ce kowane malami ya ƙarasa ta hanyar da ya samu."

Na ce, "Manassa ta mutu, Haruna."

"Mu ba mu mutu ba, Ustaza." Ya zaro waya. "Na riga na buɗe gurub. Kowa na ciki. Ke kaɗai ake jira."

Na yarda, ina ɓata rai. Kullum da safe bayan kofi sai in hau rufin ɗaki, inda sabis ke kamawa, in yi magana ta minti biyar ko shida in aika. Abin da ya biyo baya ya ba ni mamakin da ban shirya masa ba. A manassa sai in sa darasi ya kwana uku ba wanda ya leƙa. A nan kafin in sauko daga tsani tambayoyi sun fara shigowa. Wata yarinya Ihsan, wadda shekara huɗu ban taɓa jin muryarta a aji ba, tana gudun hijira a Gadarif, ta zama ita ce mai kafa gardama. Wani yana amsa ta daga kan jaki, ana jin takun kofato. Su gyara wa juna lissafi kafin in sa baki. Wata rana Haruna ya kawo tambayar mahaifinsa, me ya sa gonakin ƙarshen tura'a ke ƙishi alhali na farko na nutsewa. Da Larabci nake koyarwa, amma tunda dattijo ne ya tambaya sai na amsa da Hausa. Bayan mako guda ina cinikin kuɓewa a kasuwar Mai Wurno, mai sayarwa ta tsaya ta zuba mini ido.

"Sake magana in ji," in ji ta. "Ke ce Ustazar ruwa! Mijina a Abu Na'ama yake aiki, shi ya aiko muna da muryarki."

Ran nan ya kamata in tsorata. Maganar da na yi wa ɗalibai a zaure ta fita, ta haye kogi, ta dawo ta same ni a kasuwa, ba tare da an tambaye ni ba. Amma daɗi na ji. Shekara talatin ina koyarwa, manomi bai taɓa jin muryata ba sai yanzu. Na kira Ustaz Bashir na ce masa ashe shi ne da gaskiya. Ya ce in sake faɗa zai ɗauka ya ajiye.

Sai lokacin babban aikin ƙarshen zango ya zo, wanda nake bayarwa kowace shekara. Kowane ɗalibi ya je tura'ar da ke kusa da shi, ya auna faɗi da zurfi da gudun ruwa, ya ɗauki hoton ƙofofin ruwa da gadoji, ya duba ko gada za ta ɗauki mota da kayan amfanin gona, ya zana taswira. Ina kan rufi ina faɗar wannan a waya, Yaya Sanusi yana ƙasa yana wanke mota. Na gama ke nan, ban aika ba, ya kira ni.

"Rabi, sauko."

Na leƙo na ce ina jinsa daga nan.

"Kin san abin da suke fara cewa in sun tare mu a shinge? Ba su tambayar katin shaida. 'Waya,' suke cewa. Kullum a gabana ake yi. Hoton gada a wayar saurayi, Rabi?"

Na ce, "Yaya, aikin nan shekara da shekaru nake ba da shi."

"Shekara da shekaru ba a yaƙi."

Na yi dariya na ce direbobi sun fiye tsoro. Na danna, ya tafi. Wannan shi ne laifina, ku riƙe shi da kyau. An gaya mini da Hausa, a tsakar gidan uwata, wanda ya san hanya ne ya gaya mini. Ina iya cewa a bar hoto, a kawo lissafi kawai. Ina iya cewa kowa ya aiko mini ni kaɗai ya goge. Ban yi ba, don ina son in ga gurub ya cika, ina son su ga aikin juna su yi gasa. Na ɗauki aikin da aka tsara don ɗaki mai makulli na baje shi a bakin hanya, ni da na taɓa yi wa wani gorin haka. Hotuna suka yi ta shigowa, kowane hoto kuwa yana sauka a wayar kowa. Na Haruna ya fi na kowa kyau. Ya bi tura'ar garinsu da ƙafa tun daga bakin famfo, ya zana kowace gada, ya rubuta faɗinta da nauyin da za ta ɗauka.

Ranar wata Talata da azahar wayata ta yi ƙara. Asiya ce, matar Haruna, ban taɓa jin muryarta ba sai ranar. Ta ce ya tafi Sennar sayen maganin jaririya, an tare motarsu a shinge, an karɓi wayoyi, an mayar wa kowa tasa, shi an sauke shi. Ba zan rubuta ko su wane ne ba. A shekarar nan kowane shinge da masu shi. Ta ce, "Sun ce hotunan gadoji suka gani. Ya ce musu aikin makaranta ne. Wace makaranta ce ke aika mutum ɗaukar hoton gada?" Ba ta jira amsata ba. Ta kashe.

Kwana uku shiru. A na huɗu da hantsi ina kan rufi, sai ga saƙo a gurub daga lambar Haruna. Murna ta kama ni. Na buɗe. Da Larabci aka rubuta, layi ɗaya: mai muryar nan wace ce, ta bayyana kanta. Na zauna daɓas a kan rufin. Ina kallo ƙananan rubutu suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, wane ya fita, wance ta fita. Na ce bari in rufe gurub ɗin gaba ɗaya. Na danna nan, na danna can, babu. Haruna ne ya buɗe shi, shi kaɗai ke da ikon rufewa ko cire mutum. Wata biyu ina koyarwa a ɗakin da makullinsa ba ya hannuna, ban taɓa tambaya ba. Yanzu makullin yana hannun wanda ke riƙe da wayar, tare da lambar kowane ɗalibi, da hoton fuskarsa, da sunan garin da ya rubuta a ƙarƙashin aikinsa.

Na sauko da ƙyar. Muka zauna a rumfar tsakar gida, ni da Yaya da Inna. Yaya bai ce mini "na gaya miki" ba, har yau ina gode masa. Cewa ya yi in cire layin in jefa a kogi, zai kai ni Gadarif a yau ɗin nan, ta hanyar da ya sani. Inna idonta ya yi rauni a lokacin, amma kunnenta garau. Tana jan carbi har ya gama.

"Rabi, wa ya aiki yaron ga?"

"Ni ce, Inna."

"To wanda ya yi aike shi ka bin sawu."

Yaya ya ce, "Inna, mutanen nan ba su san mace ba, ba su san babba ba."

"Na jiya. In Rabi ta tahi Gadarif, uwar yaron ga ina za ta tahi?"

Na miƙe. Na koma kan rufi, na ɗauki murya. Na faɗi sunana da aikina, na ce ni na ba da aikin, kowane hoto da ke wayar da umarnina aka ɗauke shi, kuma a gaya mini inda zan zo. Kafin la'asar aka aiko da sunan wurin.

Washegari Yaya ya tuƙa, duk da jiya ya rantse ba zai kai ni ba. Muka ɗauki Malam Tanko a hanya, dogon dattijo da farar jallabiya, karon farko da na gan shi. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ban da wayata, abin da na riƙe kawai shi ne tsohon littafin darasina da aka buga da hatimin kwaleji, wanda aikin ke rubuce a cikinsa tun shekarun baya. Wurin tsohon ɗakin ajiyar taki ne, warin bai fita ba. Aka bar maza a waje tare da wasu masu jiran nasu mutanen, aka shigar da ni. Wanda ke zaune bayan tebur bai girmi ɗalibaina ba. Ya ajiye wayar Haruna a tsakaninmu ya danna. Sai ga muryata, da fara'arta, da kukan zakaran Inna a bayanta, tana cewa ku duba ko gadar za ta ɗauki mota da kaya, ku sa alama a taswira. 'Ya'yana, ban taɓa jin abin da ya girgiza ni kamar muryata a ɗakin nan ba. Kalmomin dai nawa ne, ba a ƙara ko ɗaya ba, amma da ni ce a kujerarsa, ni ma abin da zan fahimta ke nan.

Na buɗe masa littafin, na nuna masa shafin da hatimin. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗauki wayar ya fara karanto sunaye.

"Wannan ɗalibinki ne?"

"E, ɗalibina ne."

"Wannan fa?"

"Ɗalibata ce."

Haka har ya kai ƙarshe. Sunayen suna gabansa tun kafin in shigo. Na ce e ga kowane ɗaya, da ƙarfi, don in na ce ban san mutum ba, ya zama baƙo mai hoton gada a waya. Da ya tambayi inda kowa yake yanzu na ce ban sani ba. A kan wasu gaskiya na faɗa, a kan wasu ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Tagar ɗakin ba ta da gilashi. Masu jira a waje sun ji ana kiran suna ina cewa e, ana kiran suna ina cewa e. Daga bakin tagar nan labarin da kuka ji ya tashi. Suka riƙe littafin da wayata, suka sa na sa hannu cewa na daina koyarwa ta waya, suka sallame ni kafin magariba. Na tambayi Haruna, aka ce ana bincike. Duk tsawon hanyar komawa Malam Tanko tagar mota yake kallo.

Sai bayan kwana goma sha tara aka sako shi. Iya sanina ba a kama wani ɗalibi ba, amma akwai biyu da har yau ban sake samun lambarsu ba, kuma ban san dalili ba. Ustaz Bashir ya taɓa tambayata ko yanzu na koma ra'ayina na da. Na ce masa manassa ta tsare sirrin ɗalibai amma ba ta kai gare su ba, ranar da aka fi bukatarta kuma ba ta nan. Gurub ya kai ga kowa, har da wanda ba a gayyata ba. Ni ce ya kamata in san a wanne nake tsaye kafin in buɗe baki.

Na jira mako guda sannan na tafi ƙauyensu. Na same shi zaune a tabarma a inuwar dalbejiya, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yatsu biyu na hannun damansa sun karkace. Asiya ta kawo ruwa ta ajiye nesa da ni, ta koma ciki ba gaisuwa. Malam Tanko na gefe yana gyaran ƙotar fartanya. Tun daga Mai Wurno nake shirya kalmomin neman gafara. Na fara, na yi nisa, sai na ga Haruna yana kallon bakina.

"Ta wannan gefen, Ustaza," in ji shi, yana nuna kunnen hagu. "Wancan ya daina."

Na tashi na koma hagunsa. Na sake farawa, ya tare ni.

"Ustaza, kin duba aikina?"

"Na duba."

"Nawa na ci?"

Na dubi mahaifinsa. Karon farko ke nan da ya dube ni ido cikin ido.

"Gaya mishi gaskiya," in ji Malam Tanko. "Kada ki ƙara mishi don tausayi. Ba sadaka ya tahi nema ba."

Na ce goma sha bakwai cikin ashirin. Na ce taswirarsa ba ta da na biyu, amma ya auna gudun ruwa da kara a sama, ya manta ruwan da ke can ƙasan tura'a bai kai na samanta gudu ba, bai rage lissafin ba. Fuskarsa ta canza, ta koma irin wadda na sani a aji.

"Na rage, Ustaza. A shafi na biyu yake. Wataƙila bai buɗe miki ba."

Shafin yana wayarsa, kwafinsa yana tawa, duka biyun suna ɗakin takin nan. Haruna ya dubi bayan gida. Sai ya dafa bishiya ya miƙe, ya zari karan dawa daga jikin danga.

"Tura'ar tana nan bayan gida."

Muka tafi mu uku. Malam Tanko ya auna taku ashirin a bakin ruwa ya tsaya a ƙarshe. Haruna ya jefa karan, ni kuma na riƙe agogo ina ƙirga daƙiƙu da ƙarfi a kunnensa na hagu. Sau uku muka yi. Ya tsuguna ya yi lissafin a ƙasa da tsinke, da hannun hagu, a hankali, lambobin suna karkacewa. Da ya zo wurin ragewa bai ko tsaya tunani ba, ya rage daidai. Na nemi takarda, ba a samu ba sai ta maganin jaririya da ke aljihunsa. Na juya bayanta na rubuta sunansa, da goma sha tara, na sa hannu.

Ya ce, "Ɗayan fa?"

Na ce, "Ka makara da shafi na biyu."

Ya yi dariya har ya riƙe haƙarƙari. Malam Tanko bai yi ba. Ya karɓi takardar, ya sa aka karanta masa, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun ƙirji. Shi ya raka ni har bakin mota, ya ce wa Yaya Sanusi ya bi da ni a hankali. Asiya ba ta fito ba.